Wayar da ke Cikin Rariya

A unguwar su Barira, can cikin ƙauyukan Turawa ta ƙasar Ƙaraye, namiji ba ya ɗora ƙafa a kan tsani sai ya yi shela. Ko jinka zai gyara, ko yaɓe zai yi, sai ya tsaya a gindin tsanin ya buɗe murya har sau uku cewa za a hau sama, mata a kintsa. Sannan ya dakata gwargwadon yadda mace za ta suri zane ta shige ɗaki. Ba a jiran amsa, don matar aure ba ta ɗaga wa ƙato murya ta bayan katanga. Shirun da ya biyo bayan kira na uku shi ne amsar. Dalilin kuwa a fili yake: gidajen a manne suke, makewayi ba shi da rufi, wanda ya hau kwanon ɗaki ɗaya ya ga tsakar gida huɗu.

Da can wannan bai taɓa damun kowa ba, don hawa sama abu ne na shekara-shekara, gab da faɗuwar damina. Sai da Sulle, mijin Barira, ya sayar da gyaɗarsa ya kawo sola.

Faifai huɗu aka kafa masa a kan kwano, da batir biyu a ƙuryar ɗaki, da firiza da Barira ta daɗe tana mafarki saboda sana'arta ta zoɓo da kunun aya. Ranar da ƙwan lantarki ya kama a tsakar gidan, unguwa ta rabu. Wasu suka ce abin yana janyo aradu. Wasu suka ce su fitilar hannu ta ishe su, kuma haka ubanninsu suka rayu. Da yawa daga masu wannan zancen, in rana ta take, su ne za ka gani sun aiko a saya musu zoɓo mai ƙanƙara, har da cewa a zaɓo wanda ya fi daskarewa.

Jibo, maƙwabcinsu na jikin katanga, shi ƙin da ya yi wa abin ba na wasa ba ne, kuma in za a faɗi gaskiya yana da hujja. Ya ce duk abin da ya zauna a kan rufi, to zai riƙa kai namiji kan rufi. Haka kuwa aka yi. Faifan sola ba ya son datti, tantabarun unguwa kuma suka mai da shi wurin hutu, har kashinsu ya riƙa rage wutar. Abin haushin, tantabarun nan na Jibo ne, fiye da hamsin. Sulle ya koma hawa da bokiti da tsumma kusan duk bayan kwana uku. Shelar da ake ji sau ɗaya a shekara ta zama kamar kiran salla, matan gida huɗu suna cikin daka ko wanki sai a ce su tashi.

Magana ta kai gaban Mai Unguwa Falalu, dattijo mai son a zauna lafiya ko da kowa zai tashi da ɗan ƙorafi. Ya yanke cewa Sulle ya rage hawa, ranar Litinin da Alhamis kawai, bayan azahar, kuma kira uku ba ragi. Sulle ya amince. Jibo ya amince da baki, ya shiga gida yana huci. Barira tana tsakar gidanta ta ji shi ta saman katanga yana faɗa wa matarsa Mariya, da muryar da rabin unguwa ta ji, cewa duk ranar da wutar gidan Sulle ta shigo gidansa, ko ta cajin waya ce, to a bakin aurenta. Kowa kuwa ya san igiya ɗaya ce ta rage tsakaninsu, biyu sun riga sun tafi a irin wannan zafin kai nasa.

Barira tana son Mariya. Shekara huɗu suna miƙa wa juna gishiri da daddawa ta kan katanga, Mariya tana kiranta Yaya, ita kuma tana yi mata kallon ƙanwar da ba ta samu ba. Da bazara ta kankama, jaririyar Mariya ta feso da ƙurajen zafi tun daga wuya har gadon baya. Yini take tana tsala kuka har muryarta ta dishe. Barira tana zaune a gaban fanka tana jin kukan nan, iskar ta daina yi mata daɗi.

Akwai rariya a gindin katangar, inda ruwan gidan Jibo yake bi ya ratsa ta gidan Sulle ya fita waje. Wata ranar kasuwar Ƙaraye, da mazan duka suka tafi, Barira ta ɗauko doguwar wayar jona wuta da masu haɗa sola suka bari, ta zura ta cikin rariyar. Mariya ta karɓa ta can. Kowacce ta tona ƙasa ta binne nata ɓangaren, suka kifa fasasshen kasko a bakin ramin. Bakin wayar ya ƙare a ƙarƙashin tabarmar ɗakin Mariya, tare da wata 'yar fanka da ake ɓoyewa cikin kwalla in Jibo yana gida. Cikin mako guda ƙurajen suka bushe. Barira ba ta faɗa wa Sulle ba, don ta san shi da sakin baki a majalisa.

Da a fanka aka tsaya, da labarin ya ƙare nan. Amma Mariya tana da wani ƙaton rediyo mai sifika biyu cikin kayan ɗakinta, wanda tun ranar da aka kawo ta yake zaune a kan kabad an lulluɓe shi da leshi. Batir takwas yake ci, Jibo kuma ya ce ba zai ciyar da akwati ba. Yarinya ce, kaɗaici yana damunta. Ta fara kunnawa ƙasa-ƙasa in ya tafi sharar gona, sannan ta ƙara kaɗan, sannan ta saba. Barira ta yi mata magana sau biyu ta kan katanga, Mariya ta yi dariya ta ce Yaya ke dai kin cika tsoro.

Wata ranar Alhamis, rana ta yi zafin da ko kaji sun buɗe baki. Mazan unguwa suna can gindin ɗorawar bakin masallaci, nesa da gidajen. Sulle ya jingina tsani, ya aje bokiti, ya yi kira. Barira tana ƙulla zoɓo a leda, ta ji shi sarai, sau uku, har da ɗan jan muryar da yake yi a na ƙarshe. Ta kuma ji rediyon Mariya yana tashi fiye da kullum. Ta ce a ranta ai tana ɗaki ke nan, ta ci gaba da ƙullinta. Ba ta kawo cewa mutum yana ƙure rediyo ne in zai yi nisa da shi ba.

Mariya tana makewayi tana wanka.

Ihun da ta kurma ya sa ledar hannun Barira ta faɗi ta fashe. Sulle ya juya baya da sauri har bokitin ya kuɓuce masa ya gangaro ta kan kwano da ƙara. Aka ji gudun Mariya zuwa ɗaki, rediyon ya ɗauke ɗif. Jibo, wanda dawowarsa ke nan daga gona da ƙotar gatari a kafaɗa, ya ɗaga kai daga bakin lungu ya ga namiji tsaye a sama, ya ji matarsa tana ihu a ƙasa. Bai tambayi kowa komai ba.

Gidan Sulle ya faɗa, ba sallama. Ya ture Barira ta bugu da firiza, ya fizge tsanin ya yi jifa da shi. Sulle ya rasa hanyar sauka, ga kwano ya ɗau zafi yana cin tafin ƙafarsa, yana ɗaga hannu yana rantsuwa cewa ya yi kira. Jifan farko ya same shi a haƙarƙari. Kafin ka ce kwabo mazan gindin ɗorawa sun cika lungun, kuma babu wanda ya tsaya jin ba'asi, kalmar leƙe kawai suka ji. Duwatsu da ɓaraguzan bulo suka riƙa sauka a kan rufin. Faifan farko ya tarwatse, na biyu ya bi shi, gilas yana zubowa tsakar gida. Akwai waɗanda Barira ta lura ba Sulle suke nema ba, faifan suke auna, sun daɗe suna jiran ranar.

Wani dutse ya fasa masa goshi. Ya dafe wurin, santsin ruwan bokiti ya kwashe shi, ya gangaro ya faɗo a kan turmi. Barira ta ji ƙarar ƙashin ƙafarsa. Maza fiye da goma suka shigo suka tattake ledojin zoɓo har tsakar gidan ta yi ja, ba ka bambance zoɓo da jini. Waɗannan masu kishin kada a ga matan mutane, ga su tsaye a kanta, ɗankwalinta a ƙasa, ko ɗaya bai kau da kai ba. Suka ja Sulle ta ƙafar da ta karye har ƙofar gida.

Allah ya kawo Mai Unguwa Falalu da sandarsa. Ya shiga tsakani yana haki, ya ce ko akuya za a yanka ai a bari ta sha ruwa, a saurari mutumin. Aka ɗan ja baya. Sulle yana kwance cikin ƙasa, jini ya rufe masa rabin fuska, ya ce ya yi kira uku, matarsa shaida ce. Aka yi dariyar mugunta, wani ya ce to me matarsa za ta ce dama. Mai Unguwa ya sa aka tambayi Mariya, wadda take tsaye a cikin zaurensu da hijabi a kan jiƙaƙƙen jiki, goye da jaririya. Ta ce ita ba ta ji kira ba. Gaskiya ta faɗa, abin da ya fi ƙona ran Barira ke nan.

"Rediyo ne," in ji Sulle da ƙyar. "Ranka ya daɗe, rediyo yana ta ƙara a gidan. Shi ya hana ta ji."

Jibo ya yi wata irin dariya. Ya shiga gida ya fito rungume da rediyon, har leshin yana kansa. Ya dire shi a gaban jama'a, ya danna kowane maɓalli, shiru. Ya juya bayan rediyon ya ɓalle murfin gidan batir. Wayam, sai gidan zanzaro da ya bushe a ciki tun wace shekara. Ya ɗaga ya nuna wa gabas da yamma.

"Wannan ne ya yi ƙarar? Ga leƙe, ga ƙarya."

Daga nan Mai Unguwa bai ƙara iya riƙe kowa ba. Aka ture shi gefe, rawaninsa ya warware. Gora da ƙota da takalma suka rufe Sulle.

Barira tana bakin zaurenta, taku goma tsakaninta da mijinta. Ta san abin da za ta yi dukan ya tsaya, ta san shi tun kafin Jibo ya gama ɓalle murfin. Ta ɗaga ido sai suka haɗa da na Mariya a ɗaya zauren. Kai kawai Mariya take girgizawa a hankali, hawaye yana zuba, hannunta ɗaya a baya yana tallafe da yarinyar. Barira ta tuna igiya ɗayar nan. Ta tuna ita ce ta zura wayar, ba roƙonta aka yi ba. Ta ce a ranta yanzu za su gaji, yanzu wani zai ce ya isa, ba a kashe mutum a kan wannan. Ta tsaya. Ta ji Sulle yana kiran sunan Allah, ta tsaya. Ta ji ya daina kira yana gurnani kawai, ta tsaya.

Sai Jibo ya buɗa mutane. Ya ce idon da ya yi kallon shi yake so. Ya ɗaga ƙotar da hannu biyu ya sauke ta a gefen dama na fuskar Sulle, da irin ƙarfin da ake fasa busasshen itace.

Barira ba ta san lokacin da ta isa tsakiyarsu ba. Ba kan mijinta ta faɗa ba, rediyon ta sura, ta ruga cikin gidan Jibo. Mariya ta yi yunƙurin tare ta a zaure, ta ce Yaya don girman Allah, Barira ta bangaje ta ta wuce. Jibo ya biyo ta da ƙotar tana ɗigar jini, Mai Unguwa da sauran suka rufa masa baya. Ta shiga ɗakin Mariya, ta yaye tabarma, ta zaro bakin wayar daga cikin ƙasa. Yawancin faifan sun mutu amma batir ɗin sola yana nan da ransa. Ta warware igiyar da ke naɗe a bayan rediyon ta jona.

Waƙa ta fashe a ɗakin, daidai inda Mariya ta bar ƙarar, har kwanukan jere suna rawa a kabad. Mai Unguwa yana tsaye dab da Barira yana magana, bakinsa kawai take gani yana motsi. Shi ma ya lura. Ya dubi wayar, ya bi ta da ido daga ƙarƙashin tabarma zuwa bakin ƙofa. Wani ya kama wayar ya ja, ƙasa ta riƙa tsagewa a tsakar gidan a miƙe har zuwa rariya, fasasshen kaskon ya kife gefe. Barira ta zare igiyar.

"Ni na sa," ta ce. "Shi bai sani ba. Ya yi kira uku."

Mazan da suka cika ɗakin matar aure suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana duban ƙasa, wasu suna yar da abin da ke hannunsu a bayan ƙofa. Jibo ya tsaya yana kallon wayar a tsakiyar gidansa. Duk wanda ke wurin ya ji rantsuwarsa ranar da ya yi ta, shi ma ya san sun ji. Ya ɗaga ƙotar, Barira ta runtse ido, sai ta ji ta sauka a kan rediyon. Ya yi ta dukansa har ya zama tarkace, sannan ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska. A zaure jaririyar tana kuka, uwarta ba ta ko jijjiga ta.

A bayan motar ɗaukar gyaɗa aka kai Sulle asibitin Ƙaraye, daga can aka wuce da shi Kano. An ɗaure ƙafar, an ɗinke goshin. Idon dama kuwa likita ya ce babu abin da ya rage a ciki da za a gyara. 'Yan sanda suka zo suka tafi da Jibo da mutum uku, dattawa suka yi ta zarya. Malamai suka zauna a kan rantsuwar, suka juya ta ta kowace fuska don neman mafita, ba su samu ba. Ranar da 'yan uwan Mariya suka zo daga Gwangwan kwashe kayanta, Barira ta tsaya a bakin katanga da 'yar fankar nan a hannu, tana so ta ba ta saboda yarinyar. Ta kira sunanta sau biyu. Tana jin motsinta a can, tana jin ana fitar da kwalla da gado, amma ba a amsa ba. Da yamma ta ga an toshe rariyar da laka daga ɗaya ɓangaren.

Unguwa kuma ta samu abin faɗa. Masu cewa sola fitina ce suka ce ga shi nan. Mutum biyu da suka yi niyyar sakawa suka fasa. Wani ya saka nasa a kan ƙarfe a tsakar gida, daidai ƙugu, inda ko mace za ta goge.

Faifai ɗaya ne ya tsira a gidan Sulle, da tsaga a kusurwa. Aka sauko da shi aka jingina a jikin rumbu. Ba ya iya ɗaukar firiza, sai ƙwai biyu da fanka. Bayan wata biyu, wata safiya, Barira tana durƙushe tana goge shi da tsumma, Sulle yana zaune a kan tabarma, sandarsa a gefe. Tun dawowarsa bai ta da maganar ba, ita kuma kullum tana jira, abinci ma ba ya yi mata daɗi.

Ya ce mata shi bai ga laifinta a kan wayar ba. Da ta tambaye shi, da shi da kansa zai zura ta, don shi ma kukan yarinyar yana hana shi sakat. Barira ta ji wani sanyi ya fara sauka a ƙirjinta, har ta buɗe baki za ta yi godiya.

"Abu ɗaya nake so in sani," ya ce. "Lokacin da ya buɗe bayan rediyon nan, kina ina?"

"Ina zaure, Malam."

"Kina gani?"

Tsumman yana hannunta, ruwa yana ɗiga a kan ƙafarta. Tana iya cewa mutane sun tare ta. Tana iya cewa ta ruɗe, kuma zai yarda, don yana so ya yarda.

"Ina gani," ta ce.

Ya gyaɗa kai, kamar wanda aka faɗa wa abin da ya riga ya lissafa. Sannan ya dafa ƙasa ya gyara zama, ya juya kaɗan.

Bai sake ta ba, bai taɓa ɗaga mata murya a kan zancen ba, ko a gaban danginsa bai faɗa ba. Yana cin tuwonta, yana yi mata sannu da aiki. Amma tun daga ranar, duk inda za su zauna, a ɗaki ko a tsakar gida, sai ya gyara ya bar ta ta gefen dama, wajen idon da ba ya gani.